Tsakuwar ƙoda: kafin mu kwance akuya, mu karanta takardar asibiti

Yau maganarmu ta shafi ciwon tsakuwar ƙoda, da kuɗin da ake biya wajen maganinsa.

Kowa ya san yadda muke ciniki a kasuwa. Ba mu sayar da buhun albasa sai mun ji farashin ranar. Ba mu sayen rago sai mun taɓa shi, mun duba haƙoransa. Ko tiyar hatsi ce, sai an auna ta a gabanmu. Amma idan muka shiga asibiti, sai bakinmu ya mutu. A faɗa mana kuɗi, mu koma gida mu kwance akuya, ko mu buɗe rumbu. Ba mu san sunan aikin da za a yi wa marar lafiyarmu ba. Ba mu san abin da kuɗin suka ƙunsa ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ga ra'ayinmu. Kowane aiki na asibiti yana da suna, yana da lamba ko alama, yana da kuɗinsa. Haƙƙin marar lafiya ne a rubuta masa su a takarda. Mu kuma da muka shiga ajin yaƙi da jahilci, nauyi ya hau kanmu mu karanta takardar, domin kanmu da domin maƙwabtanmu.

Mece ce tsakuwar ƙoda?

Mutum yana da ƙoda biyu. Suna ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu tace jini dare da rana. Dattin da suka tace yana haɗuwa da ruwa, ya zama fitsari. Fitsarin yana saukowa ta wasu siraran hanyoyi biyu zuwa mafitsara, daga nan ya fita.

A cikin fitsari akwai gishiri iri-iri a narke. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan yi kauri. Sai gishirin ya fara daskarewa, kamar farin da muke gani a bakin tafki idan ya ƙafe. A hankali ƙwaya tana kama ƙwaya, har ta zama tsakuwa. Wata kamar ƙwayar gero take, wata kamar wake. Wadda ta daɗe a mafitsara tana iya kai ƙwan zabo.

Mu lura: tsakuwar da muke taunawa cikin tuwo ko shinkafa ba ita ke zuwa ƙoda ba. Waccan hanji take bi ta fita. Ta ƙoda a cikin jiki take tsirowa.

Alamarta ita ce ciwo mai tsanani a kwiɓi, yana sauka zuwa mara, yana zuwa yana lafawa. Wani yakan yi amai. Wani yakan ga jini a fitsari. Amma tsargiya ma tana kawo jini a fitsari. Dattijo kuma yana iya kasa fitsari saboda wani kumburi dabam da ke toshe hanya. Shi ya sa ba a gane ciwon da ido kawai. Sai an yi awon fitsari, an ɗauki hoton ciki.

Ciwon ya shafe mu ƙwarai saboda zafin ƙasarmu. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin Adar yakan wuce digiri 40. Lokacin ne kuma ake ɗibar albasa a kwarin Majiya, ake dako, ake sharar gona. Mutum yakan wuni yana zufa, ruwan da ya sha bai cika kwarya ɗaya ba. Jikin da ya rasa ruwa shi ne gonar tsakuwa.

Ciwo ɗaya, aiki iri-iri

Sau da yawa mukan ji mutum biyu suna gardama. Wannan ya ce shi da ƙwayoyi kawai ya warke. Wancan ya ce shi sai da ya sayar da sa. Sai a fara zargin an cuci ɗaya. Alhali mai yiwuwa ne ba aiki ɗaya aka yi musu ba. Girman tsakuwa da wurin da ta tsaya su ke nuna aikin da za a yi.

Idan tsakuwa ba ta kai milimita 5 ba, wato kusan girman ƙwayar dawa, yawanci da kanta take fita. Likita zai ba da maganin rage ciwo, ya ce a sha ruwa, a jira, a dawo a sake dubawa. Wannan shi ne mafi sauƙin kuɗi.

Idan ta wuce santimita 1, da wuya ta fita da kanta. A nan akwai hanyoyi huɗu da likitocin duniya suka sani.

Ta farko: na'ura tana farfasa tsakuwar daga waje, ba tare da yanka ba. Garinta ya fito cikin fitsari. An fara yi wa mutane wannan aiki a birnin Munik na ƙasar Jamus a 1980.

Ta biyu: a zura siririn bututu mai ido ta hanyar fitsari, a kai ga tsakuwar, a farfasa ta ko a jawo ta.

Ta uku: a huda ƙaramar kafa a baya, a shiga ƙodar, a fasa tsakuwar a kwashe. An fi yin wannan ga wadda ta wuce santimita 2.

Ta huɗu: a yi fiɗa, a buɗe, a cire tsakuwar, a ɗinke.

Ba kowane asibiti ke da dukkan na'urorin nan ba. Shi ya sa ake tura marar lafiya daga mataki zuwa mataki: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibitin CSI, daga nan zuwa asibitin gunduma na Buza, Madawa ko Keita, daga nan zuwa babban asibitin Tawa, wani lokaci har Yamai. Wasu kuma sukan nufi asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Kowane mataki yana da kuɗin mota, da na abinci, da na mai jinya. To, wanda bai san sunan aikin da yake bukata ba, yana iya ƙarar da guzurinsa a hanya kafin ya kai inda ake yin aikin.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani. Bayan wasu ayyukan, likita yakan bar wata ƴar siririyar roba a ciki, tsakanin ƙoda da mafitsara, don fitsari ya sami hanya. A takarda ana rubuta ta «sonde JJ». Ba a ganinta daga waje. Dole ne a koma a cire ta ranar da likita ya sa. Idan aka manta da ita, tsakuwa takan taru a jikinta, ta jawo ciwon da ya fi na farko. Cirewar kuma wani aiki ne mai zaman kansa. Don haka mu tambaya tun farko: kuɗin cirewa suna cikin abin da muka biya, ko sai an sake biya?

Kowane ciwo da lambarsa

Me ya sa ake ba ciwo lamba? Dalili ɗaya ne da wanda ya sa ake ba mota lamba. Sunaye suna rikicewa, harsuna sun bambanta, amma lamba ɗaya ce a ko'ina.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da babban littafi na cututtuka. A bugu na 10 na littafin, wanda ake kira CIM-10 da Faransanci, ga lambobin da suka shafi maganarmu:

N20.0: tsakuwa a cikin ƙoda.
N20.1: tsakuwa a hanyar da ta sauko daga ƙoda zuwa mafitsara.
N21.0: tsakuwa a cikin mafitsara.
N23: ciwon kwiɓi mai tsanani daga ƙoda.

An fito da bugu na 11 mai sababbin lambobi, ya fara aiki a 2022. Amma har yanzu ana ganin na 10 a wurare da yawa.

Wannan lambar ciwo ce. Aikin da aka yi shi ma yana da tasa, kuma ita ce ke jawo kuɗi. A Amurka, ƙungiyar likitocin ƙasar ta fara buga littafin ayyukan likita a 1966. A cikinsa, farfasa tsakuwa daga waje lambarsa 50590. Shiga da bututu mai ido a fasa tsakuwa a bar robar nan, lambarsa 52356. Kamfanin inshora ba ya biya sai ya ga lambar ciwo da lambar aiki sun dace da juna.

A Faransa an daɗe ana aiki da haruffa. C ganin likita ne. B awon jini ko fitsari. Z hoton radiyo. K aikin hannun likita, kamar fiɗa. A 2005 Faransa ta kawo sabon tsari domin irin ayyukan fiɗa da hoto, amma ana samun haruffan a ƙasashen Afirka da dama masu aiki da Faransanci. Kowane harafi yana da kuɗinsa. Lambar da ke gabansa tana nuna sau nawa za a ninka. Ga misali na koyon lissafi kawai: a ce harafin B kuɗinsa sefa 100, takarda ta ce B15. Sai mu ce 100 sau 15, ya ba da 1.500.

Ba kowace takarda ta ƙasarmu ke ɗauke da irin waɗannan lambobi ba. Sau da yawa sunan aikin kawai ake rubutawa, da kuɗinsa. Wannan ma ya wadatar, muddin an rubuta shi yadda za a iya karantawa. Abin da muke ƙi shi ne kuɗi a dunƙule, babu suna, babu takarda.

Kalmomin da za mu gani

Likitocinmu da Faransanci suke rubutu. Ba sai mun iya harshen duka ba. Kalmomi kaɗan sun isa mu gane inda aka dosa. Mu rubuta su a littafinmu:

calcul ko lithiase: tsakuwa.
rein: ƙoda.
vessie: mafitsara.
échographie: hoton ciki da ake ɗauka da na'urar da ake gogawa a fata.
devis: ƙiyasin kuɗi kafin aiki.
ordonnance: takardar sayen magani.
reçu ko quittance: takardar shaidar biya.

Abin sha'awa, kalmar «calcul» ita ce kuma lissafi a Faransanci. Mutanen da can da tsakuwa suke ƙirga. Ga shi yau tsakuwar ta sake sa mu lissafi.

Dala a baki, sefa a takarda

Ga wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Mu da dala da jika muke ƙirga kuɗi. Takarda kuwa da sefa take magana. Mu riƙe wannan:

Sefa 5 dala 1 ce.
Sefa 100 dala 20 ce.
Sefa 500 dala 100 ce.
Sefa 1.000 jika 1 ce.
Sefa 10.000 jika 10 ce.
Sefa 100.000 jika 100 ce.

Ga dabara mai sauƙi. Idan kuɗin sun ƙare da sifiri uku, mu rufe sifirin ukun da yatsa. Abin da ya rage shi ne yawan jika. Idan an rubuta 15.000, jika 15 ke nan. Idan an rubuta 150.000, jika 150 ke nan. Sifiri ɗaya ne tsakaninsu, amma wannan sifirin shi ne bambancin sayar da ɗan akuya da sayar da saniya. Mu ƙirga sifiri da kyau, sau biyu.

Abin da hukuma ta riga ta yanke

Biyan kuɗi a asibitin gwamnati yana da doka. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince jama'a su riƙa ba da wani abu, su kuma sa ido a kan yadda ake kashe shi. A Nijar, dokar 3 ga Yuli 1995 ta tsara wannan biya a ƙananan asibitoci. Daga wannan tsari ne muka sami kwamitin kula da asibiti, wanda ake kira COGES. Wakilan jama'a ne ke cikinsa. Namu ne.

Bayan haka an sami sauƙi iri-iri. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wannan ya shafi maganarmu, domin yara ƙanana, musamman maza, su ma suna samun tsakuwa a mafitsara. Yaron da ke kuka wajen fitsari, yana jan gabansa, fitsarin yana tsayawa yana zuwa, a kai shi a duba.

A watan Agusta na 2024 kuma gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ayyuka a asibitocinta, daga 1 ga Satumba 2024. Ragin ya haɗa da ganin likita, da awo, da hoto, da kwanciya, da fiɗa.

To, ga tambaya. Wanda bai san kuɗin aiki ba, ta yaya zai san rabinsu? Hukuma tana iya yin ragi a Yamai, amma ragin ba zai tabbata a aljihun manomin Tama ba sai ya ga farashin a rubuce, ya karanta, ya gwada shi da takardar da ke hannunsa. Doka tana bukatar mai karanta ta.

Tambayoyi biyar

Kafin mu ba da kuɗin babban aiki, mu yi sallama, mu gaisa, mu yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

1. Mene ne sunan ciwon, kuma ina tsakuwar take? Milimita nawa ce?
2. Mene ne sunan aikin da za a yi? A nan za a yi shi, ko sai an tura mu gaba?
3. Nawa ne kuɗin aikin? Sun haɗa da awo, da hoto, da allurar barci, da gado?
4. Waɗanne magunguna da kayan aiki za mu saya da kanmu?
5. Za a bar roba a ciki? Yaushe za a cire ta, kuma nawa ne?

Mu roƙa a rubuta mana amsa. Mu biya a wurin mai karɓar kuɗi na asibiti, mu karɓi takardar shaida mai hatimi da kwanan wata. Mu duba ko abin da aka rubuta shi ne abin da muka bayar. Kada mu miƙa kuɗi ga wanda ya tare mu a bakin ƙofa ya ce zai gaggauta mana.

Takardun kuma mu adana su. Takardar turawa, ta ƙiyasi, ta magani, ta shaidar biya, da sakamakon hoto, duka mu sa su cikin leda, mu ajiye inda ruwa da gara ba su kai. Likitoci sun ce kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa tana sake dawo musu cikin shekara 5 zuwa 10. Ranar da ta dawo, tsohuwar takarda za ta gaya wa sabon likita abin da aka yi a baya. Wannan yana rage ɓata lokaci da maimaita awo.

Takarda tana da wani amfani kuma. Wanda zai buga waya ga ɗansa da ke ci-rani a Abijan ko Legas ya nemi taimako, ya fi kyau ya faɗi adadi sananne. Matar da za ta nemi rance a asusun ƙungiyarsu, irin ta Mata Masu Dubara, takardar ƙiyasi ce shaidarta. Mai albasa kuma, idan ya san aikin ba na gaggawa ba ne, kuma ya san kuɗinsa, ba sai ya zubar da buhunansa a lokacin da kasuwa ta faɗi ba.

Masu cewa ba haka ba

Mun san akwai masu ganin wannan magana ba ta dace ba. Bari mu saurare su.

Wasu za su ce tambayar likita rashin kunya ne, kamar ana tuhumarsa. Muna ganin akasin haka. Ma'aikatan lafiya da yawa suna aiki dare da rana, da kayan aiki kaɗan, ga majinyata jingim. Duk da haka ana zarginsu a majalisa da bakin rijiya, wani lokaci ba da laifinsu ba. Takarda ce ke wanke su. Idan farashi yana manne a bango, shaidar biya tana hannun mai ita, bakin masu tsegumi ya rufu. Ma'aikacin kirki ba ya tsoron alƙalami.

Wasu za su ce likita ba zai iya sanin kuɗin duka ba sai ya shiga aikin. Akwai gaskiya a nan. Wani lokaci jini yakan zuba, wani lokaci kwanciya takan yi tsawo. Amma ko magini yakan faɗi ƙiyasi kafin ya fara gini. Idan an sami ƙari, a rubuta ƙarin da dalilinsa.

Wasu za su ce lamba ba ta rage tsada. Wannan ma gaskiya ne. A Amurka kowane aiki yana da lamba, amma magani yana da tsada ƙwarai, mutane da yawa suna shiga bashi. Lamba ba ta sa aiki ya yi araha. Abin da take yi shi ne ta nuna wa mutum abin da ya saya. Da wannan sanin ne yake iya yin shiri, ya kwatanta, ya kai kuka ga kwamiti idan ya ga kuskure.

Wasu kuma za su ce, tunda asibiti tsada gare shi, gara a tsaya ga sassaƙe da jiƙo. Muna girmama abin da muka gada. Amma tsakuwar da ta toshe hanya tana iya kashe ƙoda a ɓoye, ko da ciwon ya lafa. Lafawar ciwo ba ita ce shaidar fitar tsakuwa ba. Hoto ne ke nunawa. Idan ƙoda biyu suka lalace, sai wankin jini da na'ura sau biyu ko uku a mako, a babban birni, nesa da gona da iyali. Wannan ya fi kowane aikin tsakuwa wahala.

Lokacin da ba a jiran takarda

Kada a fahimce mu a baibai. Akwai lokacin da rai ya fi lissafi. Idan mai ciwon kwiɓi yana zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko mace ce mai ciki, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare. Tsakuwa tare da zazzaɓi tana iya kisa cikin ƴan kwanaki. A irin wannan hali a fara ceton rai. Wani daga cikin dangi ya bi maganar takardu daga baya.

Kiranmu

Ga ƴan kwamitin COGES: ku nemi a manna farashin ayyuka a ƙofar kowane asibiti, da manyan haruffa, da Hausa da Tamajak tare da Faransanci. A rubuta kuɗin da sefa, a kuma rubuta su da jika da dala. Idan farashi ya canza, a canza takardar.

Ga magadan gari da sarakuna na Tama, Buza, Madawa da Keita: ku sa baki. Takarda ɗaya a bango ba ta da tsada, amma tana kashe rigima da yawa.

Ga ma'aikatan lafiya: ku daure ku rubuta sunan ciwo da na aiki yadda za a iya karantawa. Amfanin ba ga marar lafiya kaɗai ya tsaya ba. Daga littattafanku ake haɗa rahoton da ke zuwa gunduma, da jiha, da Yamai. Idan an rubuta tsakuwa da sunanta, hukuma za ta san yawan masu fama da ita a Adar, ta san inda ya kamata a kai na'ura da ƙwararren likita. Ciwon da ba a rubuta ba, ba ya shiga kasafi.

Ga malaman yaƙi da jahilci: ku kawo tsofaffin takardun asibiti cikin aji, da izinin masu su, bayan an rufe sunayensu. A koyi karanta kwanan wata, da sunan aiki, da jimla. A gwada mayar da sefa zuwa jika. Darasi ne da ɗalibi zai gode muku a kansa.

Ga mu masu karatu: idan maƙwabci zai tafi asibiti bai iya karatu ba, ɗayanmu ya raka shi, ko ya karanta masa takardunsa idan ya dawo. Kuma mu riƙe sirrinsa. Abin da muka gani a takardar wani amana ne.

Maganin da ba ya bukatar lamba

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Mu riƙa tafiya gona da goran ruwa mai tsabta, mu sha tun kafin ƙishirwa ta kama mu. Babban mutum mai lafiya yana bukatar lita 2 zuwa 3 a yini, mai aiki cikin rana kuwa fiye da haka. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci, idan ya yi fari-fari, an sha daidai. Idan azumi ya faɗo cikin zafi, mu rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ya nemi shawarar likita kafin watan ya kama.

Mu rage gishiri da dunƙulen miya. Fura da nono ba laifi, kada a bar su don tsoron tsakuwa. Wanda ya ga jini a fitsari kada ya yi shiru don kunya. Wanda tsakuwa ta fito masa, ya tsince ta ya kai wa likita.

Idan kuma duk da haka ciwon ya zo, mu tafi da wuri, mu yi tambaya, mu karɓi takarda, mu karanta ta kafin mu kwance dabba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.